Kalmasar da Na Taɓa a Shagon Bitrus

Har yau idan zancen keken surfanina ya taso a tsakaninku, kowa da irin labarinsa. Wasu na cewa 'yar'uwarku Rabi ce ta yi mini daɗin baki har na sayar da shi, wasu na cewa ciwon ido ne ya hau ya taɓa mini hankali. To ga ni da raina, kuma ido ne kawai ya yi ritaya, baki yana nan kan aiki. Ina faɗa, Rabi tana bugawa a cikin kwamfutar da ake ta ce-ce-ku-ce a kanta, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, ko da a wurin da na taɓa ta.

Manyanku sun san shagona na kusa da kasuwar Tudun Wada, amma ƙananan ba su riske shi da rai ba. A nan na yi ƙuruciyata da tsufana ina aikin babbar riga. Ni ke zana aikin a kan yadi da hannuna, ni ke hawa keke in bi shi da zare. Zane-zanen nan, aska biyu, aska takwas, tambari, duk a wurin maigidana na cikin gari na koye su, shi ma haka ya karɓa daga nasa maigidan, ba wanda ya taɓa ajiye su a takarda. Yayanku Sani ya tashi a gabana, ƙafarsa a kan keke ta fi tawa sauri, kuma idan ka zana masa zai bi ba kuskure. Fitar da zanen ne Allah bai ba shi ba. Na gwada shi har na gaji, askarsa kullum sai ta fito kamar ayaba.

A shekarar da nake ba ku labari, gefen ganina ya fara cinyewa. Ina ganin abin da ke gabana sarai, amma mutum zai tsaya a kafaɗata ya yi sallama in zabura. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa kuma jinkirta sauran kawai zai yi. Ban ɗauki maganarsa da nauyi ba sai ranar da na yi wa wani tsohon abokin cinikina tambari, da'irar ba ta haɗu ba, ban kuma gani ba. Mutumin ya duba, ya ce sannu da aiki, ya naɗe rigarsa ya tafi, bai sake dawowa ba. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. A wannan lokacin ne kuma aikin kwamfuta ya cika gari. Na je Kwangila da ƙafata na ga injin wani Alhaji yana ɗinki shi kaɗai, ba mai taka shi, allura na gudu kamar ana korarta. Ɗinkin ya yi santsi, ba zan yi ƙarya ba. Amma zanen abin tausayi ne, domin daga nesa ake sayo shi, wurin mutanen da ba su taɓa saɓa babbar riga a kafaɗa ba. Na dawo gida raina a jagule. Ba tuwo ne damuwata ba, Allah bai taɓa barinmu ba. Zanen nan ne, da yake zaune a hannuna kawai, hannun kuma ba ya aiki sai da ido. Ranar da idon ya rufe, aikin maigidana da na maigidansa ya rufe tare da shi.

Rabi ce ta kawo maganar. Ta gama karatu tana zaune a gida, ta kuma ɗan koyi zanen kwamfuta a shagon wata ƙawarta a Hanwa. Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida, Innarku tana tsince shinkafa, sai ta matso ta durƙusa kusa da tabarmata.

"Baba, idan ka zana a farar takarda tun kana gani, zan iya ɗaukar hotonsa in sa a kwamfuta, in bi shi zare bayan zare. Masu injin za su saya. Kuma ba zai ɓace ba."

"Kwamfutar tana ina?"

"Haɗawa za a yi. Ta hannu mai ƙarfin da zai ɗauki aikin nan ta fi ƙarfinmu. Amma ta tebur ana sayen kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon aljihun mutum. Akwai uwa, akwai ƙwaƙwalwa, akwai ram, akwai hadis..."

Innarku ta ɗago kai daga tire.

"Hadisin ma yanzu a Kwangila ake sayar da shi?"

Rabi ta yi dariya har da hawaye kafin ta bayyana mata cewa rumbun ajiya ne na cikin kwamfuta, sunan ne kawai ya zo ɗaya a baki. Ni ban yi dariya ba, domin na riga na san inda maganar za ta ƙare. Ba mu da gona, ba mu da fili, kuma ba ni da ɗabi'ar zuwa ƙofar mutane. Abu ɗaya ne a gidan nan da za a ɗaga a samu kuɗin kirki, shi ne keken surfani.

Ban taɓa ce wa Sani keken nan nasa ne ba, amma ba sai an faɗa ba, duk unguwa ta san haka. A lokacin yana aiki a ƙarƙashin wani a Hanwa, yana jiran ranar da zai buɗe nasa shagon da keken ubansa. Na kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na gaya masa komai ban ɓoye ba. Na ce ina ganin nan gaba kaɗan keken ba zai ciyar da shi ba, zanen kuwa zai iya ciyar da gidan duka. 

"Allah ya sa haka ne ya fi alheri, Baba."

Abin da ya ce ke nan. Ya ɗauki hularsa ya fita, tuwon da Innarku ta ajiye masa ya huce a kwano. Daga ranar gaisuwa kawai yake zuwa yi, daga zaure ya juya. Na san abin da na karɓe masa, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Ranar da mai saye ya zo da a-kori-kura aka ɗora keken, na shige ɗaki don kada in ji ƙarar ƙafafunsa a kan siminti.

Wanda zai haɗa mana kwamfutar shi ne Bitrus, mai gyaran kwamfuta a Kwangila. Mahaifinsa, marigayi Malam Yohanna na Wusasa, malamin makaranta ne, kuma ni ke masa rigar Kirsimeti kowace shekara har ya bar duniya. Na san Bitrus tun yana riƙe wa ubansa jaka, ga shi yanzu da furfura a gemu. Ya ba ni kujera, ya saurari Rabi, sannan ya baje kaya kashi biyu a kan tebur. Kashi na farko sababbi ne fil a kwalayensu, suna ƙamshin kanti. Na biyun kuwa a leda suke, ba kwali, ba takarda.

"Baba, abin da kuka zo da shi zai sayi ɗaya daga cikin biyun nan. Sabon ƙarami ne, zai yi aiki, amma inda ya tsaya nan ya tsaya. Wannan kuwa ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai Baljiyam ne."

"Mene ne Baljiyam?"

"An ɗan yi amfani da shi a waje kafin a kawo."

"Gwanjo ke nan."

"Ba haka muke cewa ba, Baba."

"Ku raɗa masa sunan da kuka ga dama, Bitrus. Abin da wani ya sa ya tuɓe, gwanjo ne."

Ku da kuka tashi a gidan nan kun san tsakanina da gwanjo. Ina gani da idona lokacin da dilolinsa suka fara sauka a kasuwa, teloli nawa suka rufe shago suka koma acaɓa. Tun lokacin na yi alkawari ba zai shiga gidana ba, kuma ba zan ɗaga keken da na ci na sha da shi in je in zuba kuɗin a kan abin da wani Bature ya gaji da shi ba. Na ce a ba mu sabo. Rabi ta ce sabon ba zai ɗauki babban zane ba. Na ce ƙanƙanin abu mai mutunci ya fi. Ita kuma da taurin kan da ban san inda ta gado shi ba, ta ce to gara a fasa. Yanzu ma da take bugawa tana so ta goge wannan layin, na ce ta bar shi. Haka muka hau Keke Napep muka dawo Tudun Wada.

Da muka iso Innarku ta ga fuskokinmu, ta jira na ci abinci tukuna, domin ta san ba a yi mini magana da yunwa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da rigar sanyina, ruwan toka ɗin nan da nake fita sallar asuba da ita shekara da shekaru, wadda nake yabon saƙarta a gaban baƙi.

"Malam, wannan daga ina kake zaton ta fito?"

"Ba ƙaninki ne ya aiko da ita daga Kano ba?"

"Ƙanina bai taɓa aiko maka ko hankici ba. A bakin kasuwa na tsince ta a cikin dila, na wanke na goge. Ka ji ɗumi ko ba ka ji ba?"

Na ce mata wannan ha'inci ne. Ta ce ta ji, amma tari bai kama ni ba. Rabi ta toshe baki da mayafi ta gudu kicin. Ban ce na yarda ba, amma washegari da hantsi na ce wa Rabi ta ɗauko sandata mu koma, zan sake duba kayan ne kawai.

Shagon Bitrus ba shi da haske sosai, kuma ƙananan abubuwa sun riga sun fara guje wa idona, don haka na ce ya miƙo mini in taɓa. Ya fara ba ni sabuwar uwar, wato faifan da ake dasa duk sauran kayan a jikinsa. Na bi ta da yatsa na ji wasu dogayen ramuka guda biyu, ya ce nan ake soka ram, shi ne kamar teburin yanka, iya faɗinsa iya yadin da za ka baje a lokaci ɗaya. Da mun sa namu duka biyun sun cika. Sai ya ba ni ta gwanjon, na ji nata ramukan huɗu ne.

"Su waɗannan biyun fa, me za a sa musu?"

"Ba komai yanzu, Baba. Kuɗinku ba zai kai ba. Haka za a bar su, ranar da aiki ya ƙaru aka samu hali sai a ƙara."

Na sake bin ramukan da yatsa. Duk wanda ya taɓa ɗinka wa yaro wando ya san abin nan. Ba ka yanke shi daidai tsawonsa na yau, sai ka naɗe yadi a ƙasa ka kalmashe shi ciki inda ba mai gani, baɗi idan ƙafa ta miƙe uwarsa ta warware. Dukkanku da irin wandon nan kuka girma, wasunku har sau biyu ana warwarewa. Ba don uba yana da yadi da yawa yake barin kalmasa ba, don ya sa rai yaron zai yi tsawo ne.

"Kalmasa ce," na ce.

"Me ka ce, Baba?"

"Wanda ya ƙera wannan tela ne. Ita za mu ɗauka."

Sauran zaɓin bai ba mu wahala ba, ko da yake sai da na sa baki. Ƙwaƙwalwa da ram da hadis ɗin Innarku duk na gwanjo muka ɗauka, Bitrus ya gwada kowanne a gabanmu. Da aka zo kan akwatin da ke raba wa kayan wuta, sai ya ce shi a nan ba ya son tsoho, saboda yadda wutarmu ke zuwa da hauka tana iya ƙone komai a tashi ɗaya. Na ce ko ni ban taɓa ɗinka yadi da ruɓaɓɓen zare ba, a sayi sabo. Shi ne kaɗai abin da ya shigo gidan nan a kwalinsa, kuma ni na riƙo shi a cinya har gida. Gangar jikin da za a zuba kayan a ciki kuwa, akwai wata mai gilashi da fitilu masu canza launi da Rabi ta yi ta satar kallo, amma muka ɗauki wata tsohuwa mai lotsattsen gefe, ga ta nan har yau kamar an yi dambe da ita. A kan allon kallo ne muka sake sa-in-sa. Rabi na son babba don in riƙa gani, ni kuma na ce ba za a rage ƙarfin ciki saboda idon da ke kan hanyarsa ta tafiya ba. Bitrus ya shiga ciki ya fito da wani babban allo da ba wanda ke so, domin gefensa ɗaya ya yi baƙi. Na ce a kawo, ni da ma ba na ganin gefe.

Daga nan muka shiga tsere da idona. Kullum da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau, in zauna a bakin ƙofa da farar takarda da alƙalami mai kauri in zana, Rabi ta ɗauki hoto ta shigar, ta bi shi da zarenta na cikin allo. In matso da fuskata in ce nan ya yi ƙiba, nan ki karkata. Tambari ya shiga, aska biyu ta shiga, ƙananan ayyukan wuya da aljihu suka shiga. Alhajin Kwangila ya gwada ɗaya a injinsa, bayan kwana kaɗan ya aiko a ƙaro. Ranar na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Abin da ke shigowa kuwa yana tafiya ne a maganin ido da cefane, ba ya saura.

Aska takwas ce ta gagara. Ita ce uwar aikin babbar riga, ta mamaye ƙirji ta haura kafaɗa, zaren da ke cikinta ba ya lissafuwa. Da Rabi ta buɗe ta gaba ɗaya sai kwamfutar ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Ta koma yin ta gutsure-gutsure, amma aska takwas ba a gane kyanta sai an gan ta a tsaye dukanta, kowace aska tana amsa wa 'yar'uwarta. Bitrus ya ce teburin ne ya yi kaɗan, lokacin warware kalmasa ya yi. Hali kuwa babu. Ganina a lokacin ya koma kamar mai leƙe ta kafar makulli, kowane wata kafar na ƙara tsukewa. Na fara gaya wa kaina cewa wataƙila wannan ɗaya za ta tafi tare da ni.

Ban gaya wa Sani ba, Rabi ma ta rantse ba ita ba ce. Innarku kuwa da na tambaye ta sai ta ce miyarta na ƙonewa. Wata Juma'a bayan masallaci na ji sallamarsa a zaure, na jira in ji ya juya kamar kullum, sai na ji takunsa a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kama hannuna ya sa mini wani ɗan siririn abu a leda, bai kai tsawon tafin hannu ba.

"Daga wurin Bitrus nake. Ya ce a soka a ramin da ka bari." Sai ya ƙara da cewa, "Gwanjo ne, Baba."

"Na ji. Ai mu da gwanjo mun shirya."

Rabi ta kashe kwamfutar ta kwance gefenta. Sani ya ɗora yatsana a kan abin, ya ɗora nasa a kan nawa, muka danna tare har ya ce ƙas. Da aka kunna, aska takwas ta buɗe gaba ɗayanta, ba ta tsaya ba. Na kai fuskata kusa da allon ina yawo da kai, ina bin ta ta 'yar kafar da ta rage mini, daga gindi har tsini. Na gyara askar da ta fi sauran gajarta, na sa aka ja wata ta ɗan kwanta. Ina cikin haka sai na ji muryar Sani a bayan kafaɗata.

"Rabi, zaren nan ba a tsaye yake tafiya ba. Kwantar da shi, in ba haka ba yadin zai tattare."

Gaskiyarsa ne. Ni na san siffa, Rabi ta san na'ura, amma yadda zare ke kwanciya a kan shadda, wanda ya shekara yana taka keke ne ya fi mu sani. Ya jawo kujera ya zauna, ranar kuma kwanon tuwonsa bai huce ba. Yau shi ke karɓar aiki wurin masu inji daga Kwangila har Dutsen Abba, shi ke tsayawa a kan gwajin kowane sabon zane, Rabi na kan allo. Keken dai bai dawo ba, kuma na san har gobe idan ya wuce shagon da ake surfani yakan rage tafiya. Rami na huɗu yana nan ba komai a cikinsa, na ce kada a yi gaggawar cika shi.

Kafin babbar Sallah ta wannan shekarar, kafar makullin ta rufe. Ban ga rigar farko da injin ya yi da aska takwas ɗina ba. Da aka sauko daga idi ina zaune a zaure, na ji ƙamshin sabuwar shadda ya tsaya a gabana, mai ita ya durƙusa ya ɗauki hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. Na bi aikin da yatsa, aska bayan aska, har na kai ga tsinin da maigidana ya koya mini in ɗan lanƙwasa, wanda ba mai yin sa a garin nan sai mu. Yana nan daidai inda na bar shi. A ƙarƙashinsa kuma ƙirjin Sani ne yake hawa yana sauka.

"Ya fito, Baba?"

Na ce ya fito. Na daɗe ban ɗauke hannuna ba, shi ma bai tashi ba.